K1000 ko AE-1? Ɗauki Pentax ɗin

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wace kyamarar fim za ka saya. Tsakanin Pentax K1000 da Canon AE-1, in dai fim ɗin baƙi da fari za ka loda, kuma da hannunka kake son saita komai, K1000 za ka saya.

Dukansu a 1976 suka fito, amma cikinsu ba ɗaya ba. Ita K1000 injinta na ƙarfe ne da sifirin. Ɗan batirin LR44 da ke cikinta mitar haske kaɗai yake ciyarwa, ko ka cire shi za ta ci gaba da ɗauka, a duk saurin ɗaukarta, daga sakan 1 har 1/1000 na sakan. Na ga ranar wannan a Hawan Daushe a Kano. Ana tsakiyar jahi allurar mitar ta tsaya cak, batir ya ƙare. Fim ɗin Ilford HP5 Plus ne a ciki, mai ISO 400 (ma'aunin saurin kama haskensa), wanda a tsakar rana saurin 1/500 da buɗin idon gilashi f/16 suke isarsa. Da yake la'asar ta yi kuma ƙurar dawakai ta dushe hasken, sai na buɗe idon zuwa f/8 na ci gaba. Da aka wanke, farin rawani bai ƙone ba, aikin zaren alkyabba ya fito ɗaya bayan ɗaya. HP5 yana yafe ƙarin haske sosai, shi ya sa nake son shi ga mai koyo. Abin da za ka kiyaye kawai, mitar K1000 ba ta da makunni, sai ka riƙa mayar da murfin gilashin in ka gama, in ba haka ba ta shanye batirin.

AE-1 ma kyamara ce, gilasanta, samfurin Canon FD, suna da kyau, ban hana ba. Amma in babu batirinta mai bolt 6, wato 4LR44, ko motsi ba za ta yi ba. Kuma an ƙera ta ne ka zaɓi sauri ita ta zaɓa maka buɗin ido. In ka ƙwace aikin, ba ta nuna maka abin da ka saita a maleƙa, sai ka ɗauke ido ka duba zoben gilashin.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da 'yan gwanjo. "An gwada, lafiya lau take" ba hujja ba ce. Buɗe bayanta, ka sa ta a B (saitin da take zama a buɗe muddin kana danne maɓallin) ka ga labulen da ke tare wa fim haske yana buɗewa yana rufewa, sannan ka saita ta a sakan 1 ka saurara ko tana wuce sakan ɗin. Taɓa soson da ke gefen ƙofar. In yana liƙe wa yatsa, haske zai shiga ya ɓata maka fim. Haska tocila ta cikin gilashin, in ka ga zare-zare fari, fumfuna ce, ka bar musu kayansu. Leƙa ramin batir ko ya yi kore. An yi ta ƙera K1000 har 1997, kuma na ƙarshen da aka haɗa a Sin murfinsu na sama da na ƙasa roba ne, babu sunan Asahi, kamfanin da ya ƙera ta, a goshinsu. Suna aiki, amma kada a karɓi kuɗin ta farko, 'yar Japan, a hannunka. Mai cewa ka turo kuɗi kafin ka riƙe ta, rabu da shi.

Ka neme ta da gilashin SMC Pentax-M 50mm f/2, ya ishe ka. Kafin ka sayi fim kuma, tambayi mai wankin hoton da ke kusa da kai ko yana da maganin baƙi da fari, don ba ɗaya yake da na mai kala ba. In C-41, wato wankin fim mai kala, kaɗai yake yi, sai ka sayi Ilford XP2 Super, shi da maganin fim mai kala ake wanke shi.