Filin jirgi biyu, teku a tsakani: yadda muka isa jirgin ruwa a Santambul

Shekara 11 ke nan ina zuwa Santambul sarin kaya, abaya da mayafai da takalman da nake sayarwa a shagona na kasuwar Wuse, amma ban taɓa sauka a filin jirgin Sabiha Gökçen ba sai wannan karon. Tun ana sauka a tsohon filin Atatürk nake zuwa, har aka kwashe jiragen fasinja aka mayar da su sabon filin a watan Afrilun 2019. To da Alhaji ya shigo da takardar tikiti yana fara'a, wai ya samo mana mai sauƙi, ko kallon haruffa ukun nan na jikinta ban yi ba. Santambul ai Santambul ce. Ashe SAW aka rubuta, wato Sabiha Gökçen, ba IST na sabon filin ba.

Tafiyar ba ta kasuwa ba ce. Alhaji ne ya yi ritaya, yara suka haɗa kuɗi suka biya mana kwana 7 a jirgin ruwan shaƙatawa, wanda zai tashi daga tashar jiragen ruwa ta Galataport ya zaga tsibiran Girka ya dawo. Tikitin jirgin sama da motar da za ta kai mu bakin ruwa aka bar mana, kuma a kansu zan yi magana. Jirgin ruwan kansa labarinsa daban.

Ga wanda bai san garin ba, mashigin Bosforus ne ya raba shi gida biyu, rabi a Turai rabi a Asiya. Galataport, da aka buɗe a 2021, tana unguwar Karaköy ta ɓangaren Turai. Babban filin jirgin, IST, shi ma ɓangaren Turai yake, can arewa wajen Bahar Aswad. Sabiha Gökçen kuwa tana Pendik, a ɓangaren Asiya. Da na fara ƙorafi sai Alhaji ya buɗe taswira a waya ya ce, "Hajiya, duba da idonki, kowanne kilomita 40 ne da 'yan kai. Mene ne abin damuwa?" A taswira da gaskiyarsa. Sai dai duk wanda ya taɓa fitowa daga Mararaba da ƙarfe 7 na safiyar Litinin ya san ba da kilomita ake auna hanya ba. Wanda ya sauka a Asiya dole ya haye ruwa, mahayar kuwa 'yan kaɗan ne, kowa kuma can ya nufa.

Jirgin da na saba hawa daga Abuja kai-tsaye yake zuwa, kusan awa 7, ya sauke ka a IST. Wannan namu sai da ya bi ta wata ƙasar Larabawa, muka yi zaman awa 8 a kan kujera muna gyangyaɗi. Abin da muka rage a tikiti biyun ya kai kuɗin ragon layya matsakaici, ba zan ɓoye ba, kuɗi ne. Amma mun fita daga gida a Gwarinpa ranar Alhamis da rana, ba mu taka ƙasar Turkiyya ba sai Juma'a wajen ƙarfe 5 na yamma, agogonsu da ya riga namu da awa 2. Wato daidai lokacin da gari ke tashi daga aiki.

Abu ɗaya na kafe a kansa tun a gida, shi ne mu isa ana gobe jirgin ruwa zai tashi. Alhaji ya so mu sauka ranar da safe, mu wuce tashar kai-tsaye, a huta da kuɗin otal. Na ce masa jirgin ruwa ba motar Jabi ba ce da za a ce direba ya dakata ga fasinja nan tafe. Da lokaci ya yi janye matakala suke yi, wanda ya makara ya nemi hanyar cim musu a tasha ta gaba da kuɗinsa. Ya yi shiru, aka kama otal.

Motar, ɗanmu ne ya yi mana odarta ta intanet a wani kamfanin ɗaukar baƙi, muka biya tun kafin mu tashi. Sun karɓi lambar jirginmu, sun ce za a tarye mu da allo. Muka fito da akwati 4 a kan amalanke, na bi alluna ɗaya bayan ɗaya, babu sunanmu. Ashe ba suna suke rubutawa ba, wata lamba ce da suka turo ta WhatsApp muna sama, mu kuma ba layin waya, ba intanet. Sai da na samu na shiga intanet ɗin filin jirgin na ga saƙon. Mai allon ma ba shi ne direba ba, tara fasinjoji yake yi a bakin ƙofa yana kiran motoci ɗaya-ɗaya daga wurin ajiya. Minti 40 muka yi a tsaye cikin hayaƙin sigari. Da sun faɗi wannan tsarin tun ranar da aka biya, da ban ga laifinsu ba.

Direban kuwa ɗan albarka ne. Saurayi, baƙar mota mai faɗi, tsaf-tsaf, da ruwan gora a gefen kujera. Ya ga hula da farin gemun Alhaji sai ya yi sallama ya dafa ƙirji, daga nan har muka rabu "Haji amja" yake ce masa, wato Baffa Alhaji. Ba ya jin Turanci, ni kuma Turkancina na ciniki ne, nawa ne, rage mini, ya yi tsada. Da waya muka yi magana, ya faɗa ta fassara.

Tambayarsa ta farko, gada ko rami? Akwai hanyar mota ta ƙarƙashin teku, Avrasya, da aka buɗe a ƙarshen 2016, tana fitowa ta gefen tsohon gari. Ya ce ta fi sauri a wannan lokacin, amma kuɗin shigarta ba ya cikin abin da muka biya. Alhaji ya ce ina, shi bai zo Santambul don a bi da shi ta rami ba, gadar nan da yake gani a talabijin yake son hawa. Muka nufi gada, tsohuwar ta 1973, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Shahidan 15 ga Yuli bayan yunƙurin juyin mulkin 2016. Tun da sauran nisa motoci suka tsaya cik. Mu matsa taku biyar, mu tsaya. Masu tallar ruwa da zagayayyen burodin nan mai riɗi suna ratsa tsakanin motoci, sai ka ce mahaɗar AYA. Magariba ta same mu a mota. Da muka hau gadar dai, fitilu sun kama, jiragen fito suna kai da kawo a ƙasa, hasumiyoyin masallatai a jere a ɗaya gaɓar, Alhaji ya manna fuska a gilashi yana ta "Masha Allah". Awa 2 da minti 10 muka yi daga filin jirgi zuwa Karaköy. Na kalli agogo na kalle shi, ban ce komai ba. Da safiyar tashin jirgi ce, da wani labarin ake yi.

Kuskuren otal nawa ne. Na ga an rubuta minti 5 da ƙafa zuwa tashar jirgin ruwa, na kama. Gaskiya ne, in kana gangarowa hannu rabbana. Unguwar Galata tudu ce, lunguna ƙanana, an shimfiɗe su da duwatsu. Motar ta kasa shiga layin, ya tsaya a bakin titi. Direban bai ce aikinsa ya ƙare ba, ya saɓa babban akwatin a kafaɗa ya haura da shi, ya dawo ya ɗauki na biyu. Ni na ja nawa a kan duwatsun nan, kafin ƙofar otal taya ɗaya ta fita ta gangara abinta. Mai zuwa da kaya ya nemi masauki a ƙasa, kusa da titin da taragon T1 ke bi, tsakanin Karaköy da Tophane.

Washegari muka yi sallar asuba a masallacin Kılıç Ali Paşa, ginin Mimar Sinan, shahararren maginin Daular Usmaniyya, 'yan taku kaɗan daga bakin ruwa. Abin da ya ɗaure mini kai a Galataport shi ne ba ka ganin tashar. A sama shaguna ne da gidajen abinci da mutane na yawo a gaɓa, ga jirgi kamar bene mai hawa goma sha a gabanka, amma wurin duba fasfo da karɓar kaya duk a ƙarƙashin ƙasa yake. Mai tasi ya sauke mu a ƙofar shaguna, sai da muka yi ta tambaya. A gaya wa direba tun farko tashar fasinjojin jirgi ake nufi, ya gangara da mutum ciki. A nan suka duba bizar Shengen, tunda Girka za a shiga, suka duba ta Turkiyya ko mai shiga fiye da sau ɗaya ce. Suka kuma riƙe mini ƙaramin dutsen guga sai ranar dawowa, wai ba a shiga da shi saboda gobara. Mako guda Alhaji na sa kaftani a yamutse.

Bayan mun dawo mun ƙara kwana 2, don ba zan zo garin nan in koma ban leƙa Laleli, unguwar sarin kaya, ba. A nan na gwada hanyoyin da matasa ke bi. Da katin Istanbulkart guda ana hawa tarago da jirgin ƙarƙashin ƙasa da jirgin fito. Muka haye daga Karaköy zuwa Kadıköy, kamar minti 20, ana sayar da shayi a ciki. Daga Kadıköy layin M4 yana kaiwa har cikin Sabiha Gökçen tun 2022. Wato mai jaka ɗaya a baya zai sauka a can, ya shiga jirgin ƙasa, ya hau fito, ya sauka kusa da Galataport, bai ga gosulo ba, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Daga IST ma akwai layin jirgin ƙasa M11 zuwa Gayrettepe, a canza zuwa layin M2, ko motocin bas na Havaist zuwa Taksim. Duk na yaba. Amma mace mai ciwon gwiwa da dattijo da akwati 4, wanda Laleli ta mayar 6, ba namu ba ne.

Allah ya taimaka tikitin dawowarmu daga IST ne. Kamfanin nan dai muka sake kira, duk da tsayuwar da suka sa mu, saboda kuɗinsu a yanke yake, ba ciniki da mai tasi a bakin titi. Wannan karon motar ta riga mu fitowa. Da hantsi muka tashi, babu ruwan da za a haye, minti 55 muna ƙofar filin jirgi. Sai dai filin ƙato ne na gaske, ana binciken kaya tun daga ƙofar shiga, tafiyar zuwa wurin hawa jirgi kuma sai da na zauna na huta sau biyu. Awa 3 da muka ba kanmu ba ta yi yawa ba.

In a kan biyar zan ba kamfanin motar maki, uku da rabi ne, rabin nan kuma na yaron da ya ɗauki akwati ne. Shawarar sauka a Sabiha Gökçen ba zan ba ta maki ba, tunda mai shawarar yana karanta abin da nake rubutawa. Har yanzu cewa yake ganin gadar kaɗai ya biya wahalar. Akwatin mai taya uku yana nan bayan shago a Wuse, mai gyara ya ce sai ya samo irin tayar.