Ra'ayina kan kwanturolar sola ta Victron SmartSolar MPPT 100/30

Masu tambayata a kan wannan shuɗiyar kwanturola ta Victron, wato na'urar da ake sawa tsakanin fanel ɗin sola da batir don daidaita caji, wai ko ta ci kuɗinta, to ga abin da na gani tunda na sa ta a gida. Kamfanin na ƙasar Holan ne, kuma lambobin nan 100/30 ba ado ba ne, 100 ɗin shi ne iyakar ƙarfin wutar da za ta iya karɓa daga fanel wato 100V, 30 ɗin kuma 30A ne da za ta iya tura wa batir. Idan batirinka 12V ne tana ɗaukar fanel har 440W, idan 24V ne 880W. Ni fanel biyu gare ni masu 300W da batir tubula biyu an haɗa su 24V, fanka da fitilu da talabijin da ƙaramin firji suke ja.

Kafin ita wata ce a jikin bangon, an rubuta mata MPPT da manyan baƙaƙe amma ka ɗaga ta ba nauyi ko kaɗan, mai gyara ya buɗe ta ya nuna min babu koyil a ciki, wato naɗaɗɗiyar wayar da ake samu a cikin MPPT ta gaskiya, ashe PWM ce, ɗaya nau'in kwanturolar mai araha, aka canja wa riga. Wannan abu yana ci min rai wallahi, mutane su zauna su ƙirƙiro fasaha su yi mata rajista, wani kuma ya kwafi sunan kawai ya manna a kwali ya sayar wa talakan da ya yi tarin kuɗinsa da ƙyar don ya huta da NEPA da kuɗin fetur. Bambancin kuwa babba ne. PWM tana janyo fanel ne ƙasa ya dawo daidai da ƙarfin batir, ragowar ta tafi a banza, ita kuwa MPPT ta gaskiya tana ta laluben inda fanel ya fi ba da wuta, sai ta juya rarar ta zama ƙarin caji. An fi ganin amfanin hakan da sassafe da kuma ranar da gari ya yi gajimare ko hazo ya rufe rana.

Amma ni abin da ya fi ɗaure ni da ita ba ma cajin ba ne, ganin abin da ke faruwa ne. Tana da Bluetooth, ka sauke manhajar VictronConnect a wayarka shi ke nan, kana zaune a tsakar gida kana kallon wat nawa ke shigowa yanzu, batir ya kai ina, yana matakin farko ne na cika ko ya kusa ƙoshi ko ya ƙoshi, sannan tana ajiye tarihin kwana 30 na baya. Da can idan wuta ta ɗauke ƙarfe biyun dare sai dai a yi ta zato, wannan ya ce batir ne wancan ya ce inbata ce, mai gyara ya zo ya ce Alhaji sai an ƙaro fanel, kowa da nasa. Yanzu kuwa in na ga abin da ake tarawa a rana yana ta sauka a lokacin hunturu na san ƙura ce, a hau a wanke fanel da safe kafin rana ta yi zafi, washegari ka ga lamba ta tashi da idonka. In kuma rana ta ba da wuta sosai amma batir ya faɗi da wuri cikin dare, to ka san laifin ba na sama ba ne, ko batir ya fara gajiya ko an jona abin da ya fi ƙarfinsa, dutsen guga galibi.

Don Allah masu haɗa sola ku kula da wannan 100V ɗin. Manyan fanel ɗin nan masu 550W da suka cika kasuwa kowanne yana kaiwa wajen 50V in ba a jona masa komai ba, ka jera biyu a layi ɗaya ka riga ka taɓa 100V, kuma fanel ƙara ƙarfi yake da sanyi, safiyar hunturu ɗaya a Jos ko Zariya ta isa ta haura da shi. In wat ne ya yi yawa kwanturolar tana rage shi da kanta ta tsaya a 30A, amma in ƙarfin ne ya wuce 100V ɗin ƙonewa take iya yi. Mai irin waɗannan fanel ya nemi kwanturola mai 150V. Kuma batir ake fara jonawa kafin fanel, don ta gane 12V ne ko 24V.

Abin da bai yi min ba, ba ta da allo a jikinta sai 'yan fitilu uku, shuɗi da rawaya da kore, wanda ba shi da babbar waya ba abin da zai karanta, kuma manhajar babu Hausa, sai da na zauna na nuna wa uwargida ma'anar kowace kala. Bluetooth ɗin ba ya nisa, in kana son ka duba daga kasuwa ta intanet sai ka ƙara sayen wata na'urarsu irin Cerbo GX, wani kuɗin ke nan. Ba ta da fanka, ƙarfen bayanta ne ke fitar da zafi, shiru kam ba ƙara, sai dai su Victron da kansu sun rubuta cewa cikakken ƙarfinta zuwa 40°C ne, daga nan sai ta fara ragewa, mu kuwa a watan Afrilu an san yadda ɗaki mai rufin kwano yake, don haka a kafa ta inda iska ke wucewa, kusa da batir amma ba a samansa ba.

Tsada kam tana da ita, kuɗinta zai sayi irin waccan ta bogi da dama. Wanda fanel ɗinsa ɗaya ne ƙarami na cajin waya da fitila biyu ba sai ya wahalar da kansa ba, PWM mai kyau ta ishe shi. Amma mai shago ko mai gida da ya zuba kuɗi a batir masu tsada, ni dai ina ba shi shawarar ya saye ta, garantin shekara 5 suke bayarwa, ya saya a wajen dila na gaskiya ya karɓi rasit, kuma ya sa a buɗe manhajar a gabansa a saita irin batirinsa kafin mai haɗawa ya tafi.