Littafin girkin da na saya: awo daidai, miya lami

Lokacin da na tare a gidana a unguwar Mabera da ke Sakkwato, abin da na iya bai wuce dafa-duka da taliya ba, don a makarantar kwana na yi rabin ƙuruciyata. Shi ya sa na sayi wani littafin girke-girke na Hausa a wani shago kusa da Babbar Kasuwa, na haɗa da cokulan awo. Wata uku ke nan ina girki da shi.

Ba zan ci haƙƙinsa ba. Takardarsa na da kauri, rubutun manya ne, kuma ɓangaren fulawa ba shi da makusa. Cincin, kek, fanke, yadda aka rubuta haka suke fitowa, domin fulawa da yis awo suke so, ba kintace ba.

A tukunyar miya muka ɓata. Miyar kukar da na fara yi, na bi shi sau da ƙafa: daddawa ɗaya, dunƙulen magi biyu, rabin ƙaramin cokali na citta, a zuba duka a ruwan nama. A ido ta yi kyau, a baki lami. Maigida bai ce uffan ba, sai dai ya miƙa hannu ya jawo robar yaji, abin da ya fi faɗa yi mini ciwo. Taushe ma haka. Ta tumatir kuwa tsami kawai ake ji.

Ana haka Gwaggo, yayar surukina, ta zo daga Wurno ganin likita ta sauka wurinmu, da tsarabar tafarnuwa da albasa irin na fadamarsu. Loma ɗaya ta kai ta dube ni: "Ɗiyata, mi kinka sa ma miyag ga?" Na ɗauko littafin na nuna mata. Ta juya shi gaba da baya ta ce, "Takarda ba ta da halshe."

Kwana huɗun da ta yi ne suka nuna mini inda littafin ya gaza. Yana faɗin abin da za a zuba, ba ya faɗin yaushe. Kuma "daddawa ɗaya" ba awo ba ne, tunda kowace mai daddawa da girman curinta. Bai ma bambanta ta kalwa da ta batso ba, alhali ta batso, wadda ake yi da 'ya'yan sure, warinta da ƙarfinta daban ne, kuma nan ƙasarmu ana ji da ita. Gwaggo takan daka daddawar a turmi tare da citta, masoro, kimba da busasshen tattasai, ta zuba tun nama bai yi nisa ba, su dahu tare har warin ɗanyenta ya mutu. Ni da sai dab da kaɗa kuka nake jefa ta.

Daga baya na gane dalilin da ƙara magi bai taɓa cetona ba. Garɗin da ke cikin daddawa, wanda ruɓar da kalwa ke fitarwa, dangin sinadarin da ake sa wa dunƙulen ne, sai dai dunƙule gishiri ya fi yawa a cikinsa. In kin jefa na uku da na huɗu, gishiri kika ƙara.

Wani laifin kuma nawa ne. Garin citta da na kanumfari da aka sa mini a gara suna cikin leda kusa da murhu tun bazara, kuma kowa ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, ya kan wuce digiri 40. Ƙamshinsu ya daɗe da tashi. Yanzu gudansu nake saye, in daka na mako guda in rufe a kwalba.

Miyar tumatir sauƙi gare ta ashe: a fara soya albasa da tafarnuwa a mai, don mai ne ke kama ƙamshi, a bar markaɗe ya tsotse har man ya taso sama, in tsami ya ƙi tafiya a jefa 'yar kanwa. Gishiri sau biyu, kaɗan a nama, sauran bayan an ɗanɗana. Kalmar ɗanɗanawa kuwa, na duba ɓangaren miya na littafin kaf ban same ta ba.

Amaryar da ke son koyon kayan fulawa ta saya, kuɗinta ba su faɗi banza ba. In don miya ne, ta ɗauke shi a matsayin jerin cefane, ta nemi wata gwaggo ta tsaya mata a kan tukunya. Nawa yana nan kan firji, shafin miyar kuka duk ya cika da gyaran biro da tabon man shanu.