Google Slides a Hannun Malami: Inda Yake Da Ƙarfi Da Inda Yake Ba Da Kunya

Wajen shirya darasi, da wuya a samu abin da ya fi Google Slides, manhajar shirya shafukan da ake nunawa a allo, sauƙi. Kyauta ne ga duk mai asusun Google, yana adana aiki da kansa yayin da kake rubutu, kuma malamai biyu ko uku na iya gyara darasi ɗaya a lokaci guda. In wani ya goge abu bisa kuskure, tarihin gyare-gyare zai dawo da shi. Sai dai gigabait 15 na wurin ajiya da ake bayarwa rabawa ake yi da Gmail da Google Photos, saboda haka bidiyo kan cinye shi da wuri.

Matsalar tana cikin aji. In intanet ya ɗauke, darasin ba zai buɗe ba sai in tun farko ka saka ƙaramar manhajar Google Docs Offline a burauzar Chrome ko Edge, ka kuma kunna aiki ba tare da intanet ba tun kana da sadarwa. Ko da ka yi hakan, bidiyon YouTube da ka saka ba zai motsa ba. Maganin shi ne ka sauke kwafin PDF a filashi tun daren jiya. PDF ba ya ɗaukar motsin rubutu, amma ba ya canza kama.

Hattara da haruffa masu lanƙwasa. Wasu nau'o'in rubutu ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. Andika da Noto Sans suna da su. Amma in ka mayar da fayil ɗin zuwa PowerPoint ka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da su, za ta musanya maka da wani, layuka su zame.

Girman shafi na asali 16:9 ne (faɗi da tsayi), tsofaffin firojekta kuwa da yawa 4:3 ne. Canza shi kafin ka fara zuba hotuna, ba bayan ka gama ba. Kada girman rubutu ya gaza maki 24, in dai kana son na bayan aji su karanta.

Dabara guda da malamai ke mantawa: kana cikin nunawa, danna B allon ya yi baƙi, idon ɗalibai ya dawo kanka; L kuma yana fito da jan ɗigo na nuni.