Evita a Landan: masu tikiti sun yi fushi, 'yan titi sun more, ga yadda ni na ga abin

Duk surutun da aka sha a kan dawo da wasan Evita a Landan a 2025, a kan 'yan mintuna aka yi shi, da ƙyar su kai goma, a cikin wasan da ya haura awa biyu. Ga wanda bai san zancen ba, Evita wasan daɓe ne na waƙa, kusan daga farko har ƙarshe rerawa ake yi ba magana ba, Andrew Lloyd Webber ya yi kiɗan Tim Rice ya rubuta baitukan, kuma tun 1978 aka fara sa shi a dandamali a Landan, Elaine Paige ce ta fara fitowa a matsayin Eva Perón matar shugaban Ajantina. Wannan karon a gidan wasa na London Palladium aka yi, daga watan Yuni zuwa farkon Satumba, darakta Jamie Lloyd, sai Rachel Zegler 'yar Amurka mai shekara 24 ta ɗauki Eva.

To abin da ya tada ƙura shi ne, babbar waƙar wasan, Don't Cry for Me Argentina, wadda saboda ita ma da yawa suka yanki tikiti, ba a kan dandamali aka rera ta ba. Da an dawo hutun rabin lokaci, wajen ƙarfe tara na dare, sai yarinyar ta fita barandar gidan wasan ta waje wadda ke kallon titin Argyll, dab da tashar Oxford Circus, ta rera wa mutanen da ke tsaye a titi kyauta, su kuma na ciki, mutum sama da dubu biyu da wasunsu suka biya fiye da fam 200 a kujera ɗaya, sai dai su kalle ta a ƙaton allo kai tsaye ta kyamara. Kafin ka ce me, bidiyo ya cika TikTok da Instagram, kowane dare ɗaruruwan mutane na cika titin, na ciki kuma wasu suna ta ƙorafin cewa su fa mutum suka zo gani da idonsu, in allo ne ai suna da talabijin a gida.

Ni na shiga ciki na kalla, kuma na je na tsaya a titin a wani daren daban, kuma gaskiya ban ga an cuci masu tikiti ba. Na fahimci haushinsu kam, kuɗi ba wasa ba ne, wani daga wata ƙasa ya taso takanas, wani watanni ya yi yana tari. Amma abin da na gani a allon nan ya fi abin da na gani a titi nesa ba kusa ba.

A titi abin daɗi ne, ba zan ɓoye ba. Mutane sun fara taruwa tun da sauran lokaci sosai, masu gadi suna ta tsara su, ga 'yan yawon buɗe ido, ga ma'aikatan da suka tashi daga aiki da jakunkunansu a kafaɗa, ga 'yan mata matasa da suka haddace waƙar tas. Da ƙofar baranda ta buɗe ta fito cikin farar doguwar riga da farin gashin kanti da sarƙa tana ƙyalli sai wuri ya yi tsit, hannuwa suka tashi sama kowa da wayarsa, ta ɗaga hannu biyu irin yadda ake ganin Eva a tsofaffin hotuna, da ta kai ƙarshe kuwa ihu da tafi kamar titin zai tsage. Wata mata kusa da ni tana share hawaye da bayan hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma bai sauke wayar ba. Amma fa daga ƙasa ƙarama kake hango ta, ba ka ganin idonta, ba ka san me ya faru kafin nan ba, ba ka san me zai biyo baya ba. An ba ka waƙa mai daɗi ka ji tsigar jikinka ta tashi ka tafa ka kama hanyar gida, shi ke nan.

A ciki kuwa kyamara tana manne da fuskarta, kana ganin yadda take haɗa hawaye da murmushi, yadda take auna taron da ido kafin ta saki murya, sannan a juya kyamarar ta bayanta a nuna maka cincirindon da ke ƙasa sun ɗaga kai suna kallonta kamar za su haɗiye ta. A nan jikina ya yi sanyi wallahi. Domin wannan waƙar a cikin labarin ba waƙar soyayya ba ce kamar yadda mutane suka saba jin ta a rediyo, jawabin siyasa ne, daga barandar fadar shugaban ƙasa ta Casa Rosada bayan mijinta Juan Perón ya ci zaɓen 1946, tana gaya wa talakawa cewa duk wannan ado da ɗaukaka ba su raba ta da su ba. Kai da ke zaune ciki ka riga ka kalli rabin farko, ka ga yadda ta taso da irin mutanen da ta taka ta hau, don haka kana kallon abu biyu a lokaci guda, mai jawabin da kuma mutanen da jawabin ke cinyewa, kuma mutanen nan ba 'yan wasa ba ne da aka biya su yi kuka, jama'ar Landan ne na gaske. Ko nawa aka kashe ba za a iya haɗa wannan a kan dandamali ba.

Akwai kuma maganar da masu goyon bayan daraktan suka yi ta nanatawa, cewa ai Eva da ma talakawa take yi wa magana, waɗanda take kira marasa riga, masu hannu da shuni kuwa ba ta ga-maciji da su, don haka daidai ne masu kuɗin tikiti su zauna a rufe su ga ta juya musu baya. Maganar tana da ƙanshin gaskiya amma ni ban cika son ta ba, don ba duk wanda ke cikin zauren nan ne mai kuɗi ba, akwai ɗalibai can sama a kujeru masu araha, kuma ba duk na titi ne talaka ba. Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce wadda na faɗa, na ciki ya ga cikakken abin. Kuma wanda ya san aikin Jamie Lloyd bai kamata abin ya zo masa ba zata ba, a Sunset Boulevard da ya yi a gidan wasa na Savoy a 2023 haka ya fitar da jarumin titi yana tafiya yana waƙa kyamara na binsa.

Inda na ga 'yan kallo sun rabu da gaske, kuma ba a cika yin maganarsa ba saboda baranda ta danne komai, shi ne yanayin wasan gaba ɗaya. Wanda ya saba da tsohon salon Evita, ko ya kalli fim ɗin 1996 na Madonna, yana sa ran kayan zamanin 1940, kakin soja, huluna, kujerun fada. Nan kusan babu ko ɗaya. Matakala ce kawai dogaye daga gaba har baya, da sunan EVITA da manyan haruffa, sai fitilu da hayaƙi da yankakkun takardu shuɗi da fari kalar tutar Ajantina ana harbo su kan mutane. Kiɗan da ƙarfi yake kamar wajen casu, rawar da Fabian Aloise ya tsara kuwa ba ta da hutu, matasan nan suna hawa da sauka a matakala suna juyi har kai mai kallo ka gaji a madadinsu. Matasa a zauren sun haukace, ana gama waƙa sai ihu, wasu har miƙewa suke tsakiyar wasa suna tafi tun ba a kai ƙarshe ba, wanda a gidajen wasan Landan ba kullum ake ganin haka ba. Dattawa kuma wasu sun zauna hannu a ƙirji. Wani dattijo da matarsa a layinmu, lokacin hutu yake cewa shi ya kalli na farkon tun yana saurayi kuma muryar yarinyar nan ta burge shi ƙwarai, amma matarsa da ba ta san tarihin ba ta kasa gane waye waye.

Wannan ƙorafin na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Tunda kowa kusan kaya iri ɗaya ya sa, kuma wuri bai canjawa, in ba ka san labarin ba za ka ɓata a hanya. Alhali labarin shi ne daɗin abin. An haifi Eva Duarte a 1919 a wani ƙaramin gari Los Toldos, mahaifinta yana da wani iyalin na aure daban, ita da uwarta da 'yan'uwanta suka tashi cikin talauci da gori, tana 'yar shekara 15 ta tafi Buenos Aires neman zama 'yar wasa, ta yi suna a wasan rediyo. A Janairun 1944 girgizar ƙasa ta rusa garin San Juan, a wajen taron tara gudummawa ta haɗu da Kanar Perón. Da abokan aikinsa sojoji suka tsare shi a 1945, ranar 17 ga Oktoba ma'aikata suka yi dafifi a dandalin Plaza de Mayo har sai da aka sake shi, 'yan kwanaki bayan nan suka yi aure. A 1947 ta yi rangadin Turai, Sifen ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta ga Paparoma a Rum, a shekarar ne kuma aka yi dokar ba mata damar zaɓe wadda ta tsaya wa tsayin daka, a 1948 ta kafa gidauniyarta mai raba kekunan ɗinki da gina asibitoci da makarantu, wadda 'yan adawa suka yi ta zargin ba a san shige da ficen kuɗinta ba. A 1951 ƙungiyoyin ƙwadago suka nemi ta tsaya mataimakiyar shugaban ƙasa, sojoji ba sa so, jikinta kuma ya riga ya ƙi, ta janye. Sankarar bakin mahaifa ta kashe ta ranar 26 ga Yulin 1952 tana da shekara 33. Da yawa daga cikin wannan yana cikin waƙoƙin, amma da gudu ake wucewa ga kiɗa ya cika kunne, sai wanda ya zo da saninsa ne zai kama.

Zegler kam ba abin cewa. Murya ce tsaftatacciya mai ƙarfi, kuma waƙoƙin Eva sun yi ƙaurin suna wajen wahala, daga can ƙasa zuwa can sama ba sassauci. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙuruciyarta, don mutane suna mantawa Eva ba ta wuce 27 ba lokacin da mijinta ya hau mulki, kuma a nan ka ga yarinya ce mai yunwar duniya wadda aka raina ta ta rantse sai ta rama. Diego Andres Rodriguez da ya fito a Che, mai ba da labarin da ke binta yana tona mata asiri, shi ma ya yi ƙoƙari, a ƙarshe har tuɓe shi aka yi aka kwarara masa fenti a jiki don nuna abin da ke samun mai sukar gwamnati, nan zauren ya yi shiru na gaske. Sai dai wajen rashin lafiyarta da mutuwarta na so a ɗan rage gudu, bayan duk wannan hayaniyar zuciya tana buƙatar lokaci kafin ta karaya, na ga mutane da yawa sun fi share hawaye a wajen baranda fiye da wajen mutuwar.

Abu ɗaya da ya kamata in faɗa don kar wani ya ce ban gaya masa ba, shigar 'yan wasan ba ta da yawa, ita kanta jarumar yawancin wasan da guntun wando da 'yar ƙaramar riga take, rawar kuma akwai rungume-rungume da yawa a rabin farko. Ba wasan da za ka ja iyayenka ko ƙananan yara ba ne.

Kuma kar a ɗauka wasan nan shi ne tarihi. Turawan Ingila biyu ne suka rubuta shi, kuma ya fi karkata ga nuna ta a matsayin mai son kanta da ta yi amfani da maza da talakawa ta hau sama. A Ajantina mutane da yawa ba su yarda da wannan hoton ba, lokacin da aka je ɗaukar fim ɗin 1996 a Buenos Aires har rubuce-rubucen ƙin amincewa aka yi a bango, sai daga baya shugaba Carlos Menem ya ba da izinin hawa ainihin barandar Casa Rosada, kuma a 2012 hotonta aka sa a takardar kuɗi ta peso 100. Har yau wasu kamar waliyyiya suke ɗaukarta wasu kuma ko sunanta ba sa son ji.

In an sake sa shi da wannan tsarin a ko'ina kuma kana da hali, shawarata ka sayi tikiti ka shiga ciki, ba sai kujerar gaba mai tsada ba, daga bene ma ka fi ganin tsarin rawar a kan matakalar nan kuma allon ƙato ne. Ka ɗan karanta tarihin Eva da Perón kafin ranar, ko na rabin awa ne, ka kuma saurari waƙoƙin da baitukansu a gabanka, don a zauren ba za ka tsinci kowace kalma ba.