Wasan gumurzu ko wasan dabara: wanne ya dace da na'urarka da lokacinka?

Kafin ka fitar da kuɗi ka sayi gem, ko ka ƙona data wajen sauke shi, fara tantance inda daɗinsa yake. Daɗin wasan gumurzu, wato na harbi da sara da kauce wa hari, a yatsa yake: ka danna, abu ya faru nan take. Na wasan dabara kuwa a shawara yake: ka ɗauki wannan ka bar wancan, sai can gaba ka girbi abin da ka shuka. Sau da yawa mutum yakan ce wani gem ba daɗi, alhali na'urarsa ce ta gaza ɗaukarsa, ko kuma ba shi da irin zaman da gem ɗin yake nema.

Wasan gumurzu ba ya yafe wa na'ura. Idan tana zana hoto 60 a daƙiƙa, allo yana sabuntawa duk milisakan 16.7. Idan ta sauka zuwa 30, ratar ta koma 33.3. A takarda ƙaramin abu ne, amma a wasa irin Sekiro na 2019, wanda aka gina shi kacokan a kan tare takobin abokin gaba daidai lokacin da zai sauka, wannan ratar hannu yana jin ta. Shawararmu ita ce ka rage inuwa da ƙyallin hoto har sai lambar ta tsaya cak a 60. Hoto mai matsakaicin kyau da ba ya tsinkewa ya fi mai ƙayatarwa da ke sarƙewa a tsakiyar faɗa. Mai buga wasa a talabijin ya shiga saiti ya kunna Game Mode, domin talabijin takan tsaya gyara hoto kafin ta nuna shi, wannan gyaran kuma shi ke sa hannun gem ya yi nauyi.

Idan da mutane za ka kara ta intanet, kamar a Counter-Strike 2 ko PUBG Mobile, duba lambar jinkirin da ake kira ping. Ƙasa da milisakan 50 wasa yana tafiya sumul. Da ta haura 100 za ka fara shigewa bayan bango amma a ce an harbe ka, saboda labarin motsinka bai isa sabar, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, da wuri ba. Kebul ya fi Wi-Fi tsayawa. A waya kuma babban abokin gaba zafi ne: da ta ɗau zafi sai ta rage wa kanta gudu don kare kayan cikinta, wasan da ya fara lafiya ya koma tsalle-tsalle. Cire mata riga, kada ka buga tana caji.

To, me ke raba wasan gumurzu mai kyau da na banza? Adalci. A mai kyau, dodo yakan ɗaga kafaɗa, ya ja takobi baya, ya ɗan tsaya, sannan ya kawo sara. Karo na farko zai kashe ka. Karo na biyar idonka ya haddace wannan tsayawar, ka mirgina gefe, ka rama. Nan daɗin yake, domin ka san abin da ya kashe ka kuma ka san kai ne ka gyaru. Sai dai kowa da irin haƙurinsa. Elden Ring na 2022 ba shi da maɓallin sauƙaƙa wasa, zai kayar da kai sau da dama a wuri ɗaya. Hades na 2020 yana da God Mode, wanda ke rage maka zafin duka da kashi 20 cikin ɗari tun farko, ya ƙara kashi 2 duk mutuwa har zuwa 80. Wanda faɗuwa ke saurin ɓata wa rai ya fara da Hades.

Wasan dabara iri biyu ne, kuma kuskure ne a haɗa su. Akwai wanda agogo ba ya tsayawa, irin Age of Empires II da ya fito a 1999 aka sabunta shi a 2019, da StarCraft II da ya zama kyauta tun 2017. A Age of Empires II kana tara abinci da itace da zinare da dutse, kana ratsa zamani huɗu, kuma kowane soja da maganinsa: masu mashi suna karya mahaya dawaki, alal misali. Abin da ke kayar da sabon shiga ba yaƙi ba ne, barin cibiyar gari, wato ginin da ke fitar da ma'aikata, ce a zaune. Ma'aikaci ɗaya abinci 50 ne da daƙiƙa 25. Duk minti ɗaya da ka shagala da kallon sojoji, ka yi asarar ma'aikata biyu, bayan minti 20 kuma abokin karawarka ya ninka ka dukiya. Irin wannan wasan ya fi tafiya da mawus da kibod, kuma yana gajiyar da hannu kusan kamar na gumurzu.

Ɗaya nau'in shi ne na bi da bi, inda kake yin naka motsin, ka danna, na'ura ta yi nata. Wannan bai damu da ping ba, bai damu da hoto 60 ba. Lokaci yake ci. Civilization VI na 2016 zagaye 500 ne a tsarinsa na yau da kullum, ba ya ƙarewa a zama ɗaya, kuma idan taswira ta cika da birane, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, idan mai rauni ne zai sa ka jira tsakanin zagaye da zagaye. Zaɓi ƙaramar taswira idan kwamfutarka tsohuwa ce. XCOM 2 yana nuna maka yiwuwar samun harbi da lissafi, kuma kashi 90 na nufin ɗaya cikin goma zai kuskure, wataƙila a kan sojan da ka daɗe kana raino. Wanda ba ya son sa'a ta shiga lissafinsa ya nemi Into the Breach na 2018: fili ne mai gida 8 sau 8, mayaƙa uku, kuma ana nuna maka inda maƙiyi zai kai hari kafin ka motsa. A ganinmu babu ƙofar shiga wasan dabara da ta fi shi tsafta, ga shi ba ya wahalar da na'ura.

Mai son duka biyun yana da jerin Total War, inda ake mulki bi da bi a taswira, a gwabza yaƙi kai tsaye a fili.

Kula da wasannin da ake saukewa kyauta. A Clash Royale ana kara wasa cikin minti uku da kati takwas, akwai dabara ta gaske, amma ƙarfin kati yana hawa da mataki, kuma kuɗi yana gaggauta hawan. Tambayar da za ka yi wa kowane gem kyauta ita ce: abin da ake sayarwa ado ne ko ƙarfi? Haka nan duba ƙarin da ake sayarwa daban, domin Civilization VI yana da Rise and Fall da Gathering Storm, kuma sayen su a haɗe lokacin rangwame ya fi sauƙi.

Idan a Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, za ka saya, ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ka buga awa 2 ba. Awa 2 ta isa ka gane wasan gumurzu: tsallake bidiyon gabatarwa, kunna ma'aunin hoto, ka shiga faɗa mai cunkoso ka ga ko lambar za ta faɗi. Ba ta isa ga wasan dabara ba, domin matsalarsa sai ƙarshe take fitowa. Don haka kafin ka biya, nemi bidiyon wani da ya kai zagaye na 300, ka ga yawan abin da yake dannawa da tsawon jiran da yake yi.