Sharhi Kan Haɗaɗɗen Garin Ɗanwake Bayan Wata Bakwai Ina Amfani da Shi

Wata bakwai ke nan ina sayen haɗaɗɗen garin ɗanwake a wurin wata baiwar Allah da ke sana'arta a cikin gida a Tudun Wada, nan Zariya, kuma tun da abokan aikina suka ga ina zuwa da ɗanwake a kula ranakun aiki suke tambayata ko su ma su saya. Ni malamar makaranta ce, ina zaune a Gyallesu da maigidana da yara huɗu, ina barin gida kafin ƙarfe 7 na safe, ba na dawowa sai bayan azahar. Saboda haka na auna wannan gari da ma'aunin macen da lokaci ya yi wa kaɗan, wadda kuma ba ta yarda ta ciyar da iyalinta abin da ba ta san asalinsa ba.

Kafin in fara sayensa, ɗanwake na gaskiya ya kusa ɓacewa daga gidana. Girkin kansa ba ya da wahala, haɗa garin ne aiki. Sai na je kasuwar Sabon Gari na auno wake da alabo, na zauna na tsince tsakuwa da wanda ƙwari suka huda, a kai inji a ɓarza, a dawo a bakace, a shanya alabon ya ƙara bushewa, a sake komawa inji a niƙa, sannan a zo a tankaɗe da rariya mai laushi. Daga watan Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur kuɗin niƙa ya tashi, kuma sau da yawa mai inji yana gama niƙa wa wani masara ko barkono zai zuba maka naka, gari ya dawo da ƙamshin da ba nasa ba. Da na gaji sai na koma kwaɓa fulawa da kuka da kanwa, kamar yadda gidaje da yawa a gari suka koma yi. Abincin yana ciyuwa, amma suna kawai ya ara, domin babu ƙwayar wake ko ɗaya a cikinsa, kuma yaro zai ci da hantsi, kafin azahar ya dawo yana neman abinci.

Ledar farko da na karɓa mudu guda ce, an ɗaure bakinta da kyau. Garin fari ne mai ratsin kore, laushinsa ya kai yadda ake so, na murza shi tsakanin yatsuna ban ji tsaki ba, kuma da buɗe ledar ƙamshin ɗanyen wake ne ya fara tarbata. Na tambayi mai garin abin da ta haɗa, ta ce farin wake ne da alabo da kuka, babu fulawa. Sai ta ƙara da cewa, "Malama, kanwa kam ban sa ba, wannan a hannunki take, don ta kowa da irin ƙarfinta." A lokacin na ɗauka rage aiki ta yi wa kanta, daga baya na gane daidai ta yi. Kanwa ita ce ke fito da danƙon kuka, ta tausasa waken, ta kama kwaɓin kada ya watse a ruwa, amma idan ta yi yawa ɗanwake ya yi duhu, ya yi bauri, ya kuma dami ciki. Ungurnun da wata za ta saya yau ba lallai ƙarfinta ya zo ɗaya da ta makon gobe ba, don haka barin ta a hannun mai girki shi ne hikima.

Ga yadda nake yi, kuma shi ne ya fi karɓar wannan gari. Tun da dare nake jiƙa ɗan guntun kanwa, wanda bai wuce girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, a rabin kofin ruwa, da safe in tsiyaye ruwan saman in bar ƙasar da ta kwanta. Ina ɗora ruwa a tukunya mai faɗi, kafin ya tafasa na auni gwangwani huɗu na garin, na zuba ruwan kanwar, ina ƙara ruwa kaɗan-kaɗan ina juyawa da hannu har kwaɓin ya riƙa bin yatsu yana miƙewa ba tare da ya tsinke nan take ba. Ina barinsa ya huta kamar minti 5, domin garin wake yana ci gaba da shan ruwa, wanda bai jira ba zai tarar kwaɓinsa ya yi tauri a tsakiyar jefawa. Idan ruwa ya tafasa sosai sai in riƙa gutsura ina jefawa. Da farko duk suna nutsewa, can sai su fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, kumfa mai kore-kore ta biyo su tana neman zubowa, sai in yayyafa ruwan sanyi ta kwanta. Daga tasowarsu nake ba su minti 12 zuwa 15, in ɗauko guda in raba shi biyu, in tsakiyar ta zama launi ɗaya da bayan, babu farin gari, to ya nuna. Sai in tsame da matsami in zuba a ruwan sanyi, in tsane a kwando. Tun daga kunna wuta har zuwa zuba mai da yaji ban taɓa wuce minti 35 ba.

Abin da ya fito daga wannan leda ta farko ya gamsar da ni ƙwarai. Ɗanwaken ya yi sulɓi a waje, yana da ɗan ƙarfi a haƙori, ɗanɗanon wake yana fitowa ko kafin a sa yaji, ruwan dahuwar kuma bai yi kauri ba, alamar cewa kwaɓin bai narke a ciki ba. Amma shaidar da na fi riƙewa ita ce ta mahaifiyar maigidana, wadda ke zaune a cikin birni wajen Kwarbai, mace ce da ta yi shekaru tana daka garin ɗanwakenta a turmi, ba ta kuma yabon girki don a ji daɗi. Wata Asabar na kai mata da soyayyen man gyaɗa da albasa da dafaffen ƙwai, ban faɗa mata daga inda garin ya fito ba. Ta ci loma uku a natse, sannan ta ce, "'Yar nan, wannan an sa masa wake." Na ce, "Hajiya, sayen garin na yi." Ta ce to mai shi ta san hannunta, sai dai kukar ta ɗan yi kaɗan. Tun daga ranar nake ƙara cokali guda na kukata a kowane kwaɓi, kuma gaskiyarta ne, danƙon ya fi kamawa.

A wata na huɗu ne na ga abin da ya ɓata mini rai. Lokacin damina ta yi nisa, tsohon wake ya yi tsada a kasuwa, sabo kuma bai shigo ba. Garin da aka aiko mini ya fi na baya haske, ƙamshin waken ya ragu, da na dafa sai ɗanwaken ya fito yana ƙyalli, yana jayuwa a baki kamar roba, wanda duk mai girki ta san alamar alabo ne ya rinjayi wake. Yara sun ci ba su ce komai ba, amma ƙarfe 11 ba ta yi ba ƙaramin ya zo yana cewa yunwa yake ji. Na je har gida na sami mai garin, na ce, "Hajiya, garin nan ba irin wanda kika saba ba ni ba ne." Ba ta musa ba. Ta ce wake ya yi tsada, masu saye kuma ba sa son a ƙara musu kuɗi, shi ya sa ta rage shi ta cike da alabo. Na fahimci matsin da take ciki, domin ni ma kasuwar nake shiga, amma ban yarda da hanyar da ta bi ba. Wanda ya sayi haɗaɗɗen gari amana ya saya, tunda ba ya iya raba wake da rogo bayan an niƙa su tare, kuma da ta faɗa mini tun farko da na zaɓi in ƙara kuɗi a bar mini garin yadda yake. Abin da zan yaba mata shi ne ta karɓi maganar, yanzu kashi biyu take haɗawa, mai yawan wake da mai sauƙin kuɗi, tana kuma gaya wa mai saye bambancinsu.

Aibi na biyu har yau bai gyaru ba: babu rubutu ko ɗaya a jikin ledar, ba ranar da aka niƙa, ba abin da aka haɗa, ba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Garin wake ba ya jure laima kamar garin masara. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a Zariya, wata leda da na bari a kabad ta dunƙule cikin mako uku, ta fara wani wari, dole na zubar. Yanzu da an kawo nake juye shi a roba mai murfi, in rubuta kwanan wata a jiki da kaina, kuma ba na sayen abin da ya wuce na mako biyu idan ana ruwa.

Akwai wata tambaya da nake ganin ya wajaba kowa ya yi kafin ya sayi garin wake a hannun kowa, wato yadda aka adana waken. Mun san wasu 'yan kasuwa suna zuba wa wake maganin ƙwari mai ƙarfi don kada ya huje a rumbu, kuma saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a shekarar 2015, alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan wake a duniya. Idan ƙwaya ce za ka iya shinshinawa, ka wanke, ka zubar da ruwan farko, amma gari ba ya wankuwa. Da na yi wa mai garin wannan tambaya sai ta shigar da ni ɗakin ajiyarta, ta nuna mini buhunan nan masu ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, waɗanda ke hana iska shiga har ƙwarin su mutu ba tare da an sa magani ba. Ta ce a kaka take sarowa daga 'yan uwanta manoma a wajen Giwa. Na zura hannu na ɗebo, waken tsaf yake, babu huji, babu warin magani. Wannan gani da ido shi ne ya sa na ci gaba da saye bayan saɓanin da muka samu. Yana kuma damuna cewa muna zaune kusa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta fitar da ire-iren wake masu suna SAMPEA da manoma ke shukawa, amma har yanzu mai sayen gari a cikin garin nan ba ya samun ko layi ɗaya da zai gaya masa wane wake yake ci.

Na gwada wasu kayanta guda biyu. Tsakin masararta na fate yana da kyau, an surfa an wanke an shanya, ba dusa ba tsakuwa, kuma mu Zazzagawa da aka san mu da fate ba ma wasa da tsaki. Da shi da yakuwa da alayyafo da dakakkiyar gyaɗa da daddawa da ɗan manja nake haɗa abincin daren Laraba cikin ƙasa da awa guda. Garinta na ƙosai kuwa bai yi mini ba. Ko na jiƙa shi rabin awa na buga sosai, ba ya tashi kamar na jiƙaƙƙen wake da aka markaɗa, yana shan mai, cikinsa ya yi nauyi. A alale ya ɗan fi, musamman idan an sa albasa da attaruhu da yawa, amma ban sake saya ba.

Ta fuskar kuɗi, na taɓa zama na lissafa abin da zan kashe in na haɗa da kaina, wake da alabo da kuka da kuɗin inji sau biyu da kuɗin Keke Napep zuwa kasuwa da dawowa, na ga nata ya ɗara da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. A wurina wannan rarar kuɗin yinin Asabar guda ce da nake samu in zauna da yarana. Wadda take da masu taya ta aiki a gida, ko take da inji a ƙofar gida, wataƙila haɗawa da kanta ya fi mata.

Mudu guda yana yi mana girki uku a gidan mutum shida. Ranar Litinin da Alhamis nake dafawa da asuba, in zuba wa yara a kula da mai da yaji da yankakken kabeji da tumatir, ranar Asabar kuma mu ci da hantsi da ƙwai da kokwamba. Idan ya yi saura ba na zubarwa, da yamma nake yanka shi in soya sama-sama da albasa da attaruhu, yara sun fi son wannan ma fiye da sabon dahuwa. Yanzu abin da nake aika a karɓo mini duk mako biyu shi ne mudu biyu na mai yawan wake da mudu guda na tsaki, kuma duk lokacin da ɗana ya je karɓa ina sa shi ya tambayi ranar da aka niƙa.